Gyambon Hanji Da Yoyon Dubura: Labarin Abin Da Na Sha

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kano, ɗinkin maza nake yi, kaftani da babbar riga da ɗan surfani, ina da iyali Alhamdulillah. Wannan labarin ba irin wanda ake bayarwa a majalisa ba ne, don ko abokaina na layin shago da muke cin abinci kwano ɗaya abin da yawancinsu suka sani kawai shi ne wai ina da ciwon ciki, wasu kuma su ce ai basir ne ya yi min mugun kamu. Ni dai na bar su a haka saboda bayanin yana da tsawo kuma wurin da ciwon yake ba wurin nunawa ba ne.

Ciwon hanjin shi ya fara zuwa, shekaru kafin na duburar. Gudawa ce da jini da majina, kowa ya ce atuni ne, kemis ya ba ni Flagyl na sha ta ɗan lafa ta dawo, aka sake ba ni na sake sha, har sai da bakina ya koma ɗacin ƙarfe ba na jin daɗin komai. Abin da ya fi ba ni wahala ba ma yawan zagayawar ba ne, shi ne yadda zan ji bayan gida ya matse ni kamar zan yi a wando, in ruga in tsuguna in yi ta nishi, ba abin da zai fito sai ɗigon jini da majina, in tashi in yi tsarki kafin in kai bakin ƙofa ya sake kira na. Da daddare ma haka, barci sai dai a sace shi. Na rame har wandunan da na ɗinka wa kaina suka daina zama, Hajiyarmu kuma ta tsaya kai da fata cewa hannu aka sa min saboda kasuwa ta buɗe min a lokacin, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, ban ƙi ba don uwa ce, amma jinin bai tsaya ba.

Daga ƙarshe wani likita a ƙaramin asibiti ya tura ni asibitin koyarwa wajen likitan hanji, aka ba ni maganin wankin ciki na kwana ina zarya, washegari aka zura min wata doguwar roba mai kyamara ta dubura aka leƙa cikin babban hanjin gaba ɗaya, kolonoskofi suke ce masa, aka ɗan tsinko naman bangon hanjin aka kai awo. Sakamakon ya nuna olsaratib kolaitis, wato gyambon babban hanji. Likitan ya zana min a bayan katina, ya ce babban hanjin mutum tsawonsa ya kai wajen mita 1.5, wannan ciwon kullum daga ƙarshensa yake farawa, daidai inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita, sai ya yi ta hawa sama a jere ba ya tsallake wuri, kuma fatar ciki ta hanjin kawai yake ci ba ya huda bangon. Nawa ya cinye ɓangaren hagu. Ya ce ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe da Flagyl, garkuwar jikina ce da kanta take far wa hanjin, ba a ɗauka ba a shafa wa wani, kuma ba ya warkewa fes sai dai a kwantar da shi da magani ya yi barci.

Aka fara min da furednisolon, wanda cikin 'yan kwanaki ya tsayar da jinin ya buɗe min ciki na dinga ci kamar ba gobe, fuska ta kumbura ta yi tulu-tulu mutane na ta cewa Masha Allah ka samu lafiya ka yi ƙiba, ba su san dangin maganin nan ne da 'yan mata ke sha suna kiransa sha ka fashe ba. Shi ba a daɗewa a kansa kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake rage shi. Maganin da aka ce in zauna a kai shi ne salfasalazin saboda ya fi araha, tare da folik asid. Shi salfasalazin ɗin yana mayar da fitsari ruwan ɗorawa sosai, kuma likita ya gaya min tun farko cewa yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji amma suna dawowa in an daina, da muka zo neman ƙarin haihuwa sai aka canza min zuwa mesalazin, na sha da kuma na matsawa a dubura da daddare. Na samu sauƙi sosai a lokacin gaskiya, har nakan manta ina da wani ciwo.

Sai shekarar 2020 ta zo. Duk ɗan Kano ya san yadda aka rufe gari a watan Afrilu saboda korona, ga azumi ya kama a ciki. Maganina ya ƙare, inda nake samu a rufe, inda yake a buɗe babu shi, asibiti kuma an taƙaita ganin marasa lafiya sai na gaggawa. Na kwaso keke na kawo gida ina ɗinkin sallah a soro, don duk da kulle mutane ba su fasa kawo shadda ba. Ba a jima ba gudawar ta dawo da ƙarfinta, kuma a wannan karon ne duburar ta shiga cikin maganar.

Da farko zafi ne kawai, fatar wurin ta saɓule saboda yawan zagayawa da yawan tsarki, in ruwa ya taɓa sai in ji kamar an zuba barkono. Daga nan sai wani irin ciwo daban ya shigo, lokacin da bayan gida zai fita sai in ji kamar ana yanka ni da reza, in na gama kuma raɗaɗin ya zauna ya yi awa ɗaya ko fiye yana zugi, ina riƙe da bango ina salati. Daga baya na san tsagewa ce a bakin duburar. Mutane sun ɗauka sai mai taurin bayan gida ne wurin ke tsage masa, ashe gudawa mai yawa ma tana tsaga shi. Akwai kuma wani ɗan nama da ya fito a gefe, wanda duk wanda ka kwatanta masa zai ce maka ai shi ne basir mai tsiro.

To a nan fa aka yi min caa da magunguna. Ka san garin nan ba abin da ya kai maganin basir kasuwa, kowace tasha da bakin kasuwa akwai mai lasifika yana lissafo alamomi, kuma in ka tsaya ka saurara duk wani ɗan Adam mai rai yana da basir a lissafinsu, daga kasala har mantuwa. Aka kawo min na jiƙawa a jarka, aka kawo garin sabara, aka kawo na turare a zauna a kai. Wani na jarkar da na sha ashe mai wanke ciki ne, ga mutumin da dama gudawa ke neman kashe shi, wallahi daren nan a bakin banɗaki na shimfiɗa tabarma. Yayana kuma ya zo da maganar wani mutum a bayan gari da ke ɗaure tsiron da zare ko ya shafa masa wani abu ya ƙone ya faɗi, ya ce "kai dai ka shirya gobe in kai ka, mutum nawa ya yi wa suka warke." Uwargidana ce ta hana, ta ce "Yaya a yi haƙuri, likitansa ya taɓa cewa kar a bar kowa ya taɓa wurin nan sai an gaya masa." Ya ji haushi ya tafi yana cewa mace ce ke juya ni. Allah Ya saka mata da alheri, don daga baya likitan tiyata da ya ji labarin sai da ya riƙe baki, ya ce su kansu a asibiti ba sa yanke basir ko irin wannan naman ga mai gyambon hanji matuƙar hanjin yana cikin kumburi, saboda ciwon ba ya son warkewa, sai ka yanke abu ƙarami ka bar wa mutum gyambon da zai yi watanni yana ruwa.

Ana cikin haka na samu furednisolon na koma kansa kamar yadda aka taɓa yi min, jinin ya ɗan ragu, amma sai wani sabon abu ya taso. Gefen duburar ta dama, can ciki, ya fara nauyi yana bugawa kamar zuciya ta koma wurin. Wannan ba shi da alaƙa da zagayawa, ko na je ko ban je ba yana nan, in na zauna a kan kujerar keke sai in karkace a ɗuwawu ɗaya, in na yi tari ko atishawa sai na ga wuta. Na dinga shan diklofenak don in samu in ƙarasa kayan mutane. Daga baya aka ce min irin waɗannan magungunan kashe ciwon, shi da ibufurofen da danginsu, suna iya tayar da gyambon hanji, farasitamol ne aka yarda mu sha. Shi kuma furednisolon yana danne garkuwar jiki, ga shi yana ɓoye zazzaɓi, don haka mugunya na ta taruwa a ciki jikina bai nuna da wuri ba. Sai da ya kai na kasa taka ƙasa sosai, fitsari ma yana yi min wuyar fita, rawar ɗari ta kama ni cikin zafin bazarar Kano ina neman bargo, sannan aka ɗauke ni a adaidaita sahu ina kwance rub da ciki a kan cinyar ƙanina.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga likita matashi sa'an ƙanina, ga nas mace a tsaye, aka ce in kwanta ta gefen hagu in naɗe gwiwa. Na tsaya ina inda-inda sai nas ɗin, dattijuwa ce, ta ce "haba Malam, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, mu wannan shi ne aikinmu tun safe." Yana taɓa wurin na yi ƙara. Ya ce maruru ne ya taru a ciki kuma ba maganar a ba ni ƙwayoyi in tafi gida, mugunyar da ta riga ta taru magani ba ya shiga cikinta, dole a tsaga a fitar da ita, a daren. Aka yi min allurar baya rabin jikina ya mutu, aka tsaga. Warin da ya tashi ni kaina da nake kwance sai da na ji shi. Amma wallahi da allurar ta sake ni, duk da ga sabon yanka a jikina, barcin da na yi ranar na daɗe ban yi irinsa ba. Aka haɗa min da Flagyl da Cipro, kuma aka riƙe ni a gado saboda hanjin, don likitan hanji ya ce ƙa'idarsu ita ce duk mai wannan ciwon da yake zagayawa da jini sau 6 ko fiye a rana, kuma ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko ƙarancin jini, to ba na zaman gida ba ne, kwantar da shi ake yi. Ni duk na haɗa, har ƙarin jini aka yi min.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Yankan ya dinga cikowa yana haɗewa har ya rage wata 'yar ƙofa ƙarama kamar kan ashana, to ita ce ta ƙi rufewa. Kullum tana tsatsar wani ruwa mai ɗan yauƙi, wani lokacin mugunya wani lokacin da jini-jini. In ta toshe kwana biyu sai in yi murna, sai wurin ya kumbura ya yi zugi ya fashe da kansa a dawo gidan jiya. Ranar da na tabbatar abin ya wuce maruru ita ce ranar da na ji iska ta fita ta wannan 'yar ƙofar. Na zauna na yi shiru na rasa wa zan faɗa wa.

Likitan tiyata ya ce fistula ce, yoyon dubura. Ya ce a cikin bakin duburar kowane mutum akwai wasu ƙananan ramuka masu fitar da ruwan santsi, in ɗaya ya toshe ƙwayoyin cuta suka shiga shi ne yake zama maruru, in an fitar da mugunyar wani lokacin hanyar da ta bi ba ta rufewa, sai ta zama rami mai baki biyu, ɗaya a cikin hanji ɗaya a fatar waje, ƙazanta na shiga ta ciki kullum don haka na wajen ba zai taɓa warkewa ba komai man da ka shafa. Ya ce cikin masu irin wannan marurun kusan ɗaya cikin uku haka take ƙare musu, ko da ba su da ciwon hanji.

Abin da ban zata ba shi ne yadda fuskar likitan hanjina ta canza da ya ji. Ya jawo fayil ɗina ya koma tun shafin farko yana karantawa. Ya ce "Malam, sai mun sake bincike daga tushe, don wannan abin da ya fito maka ya sa dole in tambayi kaina ko sunan da muka ba ciwonka daidai ne." Gabana ya faɗi na ce likita kansa ce? Ya ce a'a. Ya ce gyambon hanji yana da ɗan'uwa da ake kira ciwon Crohn, sunan wani likitan Amurka ne da suka yi bayaninsa shi da abokan aikinsa a 1932. Shi wannan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, yana tsallake wuri ya kama wani, kuma yana cin bangon hanji har ya huda shi, shi ya sa yoyon dubura ya zama kamar tambarinsa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu shi sai sun gamu da shi. Mu masu olsaratib kolaitis tsagewa da basir da saɓulewar fata ba baƙin abu ba ne a wurinmu saboda gudawa, amma maruru da yoyo 'yan kaɗan ne ke samu, kuma cikin 'yan kaɗan ɗin akwai waɗanda in an sake dubawa sai a tarar dama can Crohn ne ya ɓuya a babban hanji. Sannan ya ce a ƙasarmu akwai na uku da ba a isa a manta da shi ba, tarin fuka, don tibi ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana kama hanji ta yi kama da Crohn sak, kuma tana iya haddasa yoyon dubura. In aka yi kuskure aka ba mai tibi maganin danne garkuwa to an hura mata wuta.

Haka aka sake jera min gwaje-gwaje. Kolonoskofi na biyu, wannan karon har sai da suka shiga ƙarshen ƙaramin hanji suka tsinko nama daga wurare da yawa. Hoton ƙirji, gwajin tibi, na ƙanjamau, na suga, na ciwon hanta. Sai hoton MRI na ƙugu wanda shi ne ke nuna ta inda ramin ya bi da ko yana da rassa, shi ne ya fi cin kuɗi, sai da na sayar da injin surfani ɗaya. Zaman jiran sakamakon nan ya fi ciwon wahala a wajena. Da ya fito, ƙaramin hanji lafiya lau, naman bai nuna alamar Crohn ba, tibi babu, ramin guda ɗaya ne ba rassa. Likita ya ce za mu ci gaba da kiransa olsaratib kolaitis, yoyon kuma ga alama irin na kowa da kowa ne da ya samu ƙofa saboda gudawa da maganin da ya danne garkuwa, amma ya sa alamar tambaya da jan biro a gefen sunan ciwon, na gani da idona.

Ni a tunanina tunda an gano ramin sai a yanke a huta. Likitan tiyata ya ce ba haka ake yi ba. Ya ce dubura tana da tsoka biyu masu zagaye da suke riƙe bayan gida, ta ciki mai aiki da kanta ko kana barci, da ta waje wadda kai kake matsewa, ramin nan kuma ta jikinsu yake ratsawa. In ya yi gaggawa ya yanke tsokar da yawa zan koma ba na iya riƙe bayan gida, kuma ga mutumin da nasa dama ruwa-ruwa ne yana zuwa da gudu, wannan ba ƙaramar musiba ba ce, kuma tsokar in ta tafi ta tafi. Ga shi ƙarshen hanjin har lokacin jawur yake, duk abin da aka yanka ba zai warke ba. Don haka sai aka sake shiga da ni ɗakin tiyata aka sa min abin da suke kira siton, wata siririyar roba ce mai laushi da ake zurawa ta bakin waje ta fito ta na ciki a ɗaure ta sako-sako. Ni da nake tela da ya kwatanta min sai na ce ai zariya ce kuka zura min, ya yi dariya ya ce to kusan haka ne, sai dai ita ba a tsuke ta. Amfaninta ramin ya zauna a buɗe ruwan ya dinga fita kar ya sake taruwa ya zama maruru, kafin likitan hanji ya gama nasa aikin.

Rayuwa da robar nan a jiki watanni ita ce ban san yadda zan kwatanta ba. Ba ta ciwo sosai bayan makon farko, amma kana sane da ita kowane lokaci. Ruwa na fita kullum, na gwada auduga da bandeji suna zamewa, ƙarshe uwargida ce ta miƙo min audugar mata ba tare da ta kalle ni ba ta ce "Abban yara gwada wannan, ba wanda zai sani." Na yi kamar in nutse, amma ita ce ta yi aiki, kuma ita take sayo min don ni ba zan iya tsayawa gaban mai kanti in tambaya ba. Na daina sa fararen kaya. Na dinga zargin kaina da wari ko da babu, in mutum ya taɓa hancinsa a kusa da ni sai in ji kamar da ni yake. Kusantar iyali ma na janye da kaina na wani lokaci, ba don an hana ni ba, likita ya ce ba laifi, zuciyata ce kawai ta ƙi, ita kuma ta ɗauka wani laifi ta yi min, sai da muka zauna muka yi magana ta fahimta.

Sallah ce ta fi damuna. Na koma yin ta a gida ni kaɗai, ina canza wando kowane lokaci ina maimaita alwala har waswasi ya fara kama ni. Limamin unguwarmu ya lura ba ya ganina a sahu ya aiko, na je na same shi shi kaɗai bayan isha'i na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Ya ce "Malam ai da ka zo tuntuni, addini bai bar wannan ba." Ya ce a Malikiyya an yi afuwa ga najasar da kiyaye ta ke da wahala, malamai har misali suka bayar da danshin basir da ruwan maruru mai zuba da kansa, kuma abin da ke fita don lalura yana lazimtar mutum yawancin lokaci ba ya karya alwala. Ya ce in tsaftace wurin in sa abin tarewa in zo masallaci, in zaman tahiya ya gagara in zauna yadda zan iya. Azumi kuma ya ce ayar a fili take, mara lafiya ya sha ya rama a wasu kwanakin. Na fito daga zauren nan kamar an sauke min buhu daga ka.

Kula da wurin kuwa ba wani abu mai tsada ba ne ashe. Ruwan ɗumi zalla a roba mai faɗi in zauna ciki minti 10 zuwa 15, safe da dare da bayan na zagaya. Likita ya hana ni zuba Dettol ko gishiri mai yawa ko bagaruwa da Hajiya ta dage a kai, ya ce duk ƙona fatar suke yi. Tsarki da buta ya ce ya fi takarda nesa ba kusa ba, sai dai kar in dirza, in dafa da tsumma mai laushi ya bushe sannan in shafa man zinki irin wanda ake shafa wa jarirai. Mesalazin ɗin nan na matsawa a dubura ma da wurin ke ciwo sai na shafa masa man santsi tukuna. Abinci kuwa ba shi ya kawo ciwon ba, amma ni na lura in hanjin ya tashi yaji da tsire da kilishi fitarsu azaba ce, nono ma yana ƙara min gudu, sai in koma kunu da farar shinkafa da dankali da kifi, in ya kwanta kuma ina cin kusan komai.

Tunda mesalazin kaɗai ya kasa riƙe hanjin sai aka ƙara min azatayofurin, shi kuma sai ya yi wajen wata 3 kafin ya fara aiki, kuma dole a dinga awon jini ana duba ƙwayoyin jini da hanta. Likita ya yi min maganar wata allura da ake sawa a ruwa, infiliksimab, wadda ya ce tana aiki a kan hanjin da yoyon gaba ɗaya, a Amurka tun 1998 aka amince da ita don Crohn, a 2005 kuma don irin ciwona. Da ya faɗi kuɗin zubi ɗaya dariya kawai na yi, ga shi ba sau ɗaya ake yi ba, bayan na farko-farko duk mako 8 ake komawa. Muka bar ta a gefe.

Allah cikin ikonSa azatayofurin ya karɓe ni. Da aka sake leƙawa aka ga ƙarshen hanjin ya huce, likitan tiyata ya sake duba ramin ina cikin allura ya ga tsokar da ya ratsa kaɗan ce daga ƙasa, sai ya cire robar ya buɗe ramin a bar shi ya ciko daga ciki. Wankin ciwon nan na makonni ba daɗi, amma ya rufe. Abin da ya bar min shi ne tabo, da kuma wani lokacin iska takan kuɓuce min ba shiri musamman in ciki ya ɗan lalace, na koyi zama kusa da ƙofa a taro.

Yanzu yawancin aikina a tsaye nake yi a teburin yanka, awo da alli da almakashi, yaran shago su ke hawa keke, don dogon zama har yau yana tayar min da tabon. Magani kuma tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya zama wani abu daban, akwai watan da sai na zaɓa tsakanin mesalazin da kuɗin makarantar yara, sai in je in roƙi makaranta su ɗaga min ƙafa don na ga abin da yankewar magani ta jawo min. Likita ya ce tunda ciwon ya wuce ƙarshen hanji ya hau sama, daga shekara 8 da farawarsa za a dinga yi min kolonoskofi lokaci-lokaci ko da lafiyata ƙalau, saboda daɗewar kumburi na ƙara haɗarin kansar hanji, nawa na gaba bayan babbar sallah ne. Alamar tambayar nan ta jan biro tana nan a fayil ba a goge ba, ya ce in wata ƙofar ta sake ɓullowa ko aka ga wani abu a ƙaramin hanji to za su ɗauke shi a matsayin Crohn ne, kuma a lokacin maganar allurar nan mai tsada ba za ta kauce ba. Saboda haka na shiga adashe da telolin layinmu, na ce a ba ni ɗaukar ƙarshe, su a zatonsu fili nake son saya.